Matan da Suka Shanye Mujallar Malam Gado

Malam Gado yana kan hanyar Makka yau shekara talatin da huɗu. In ka tambaye shi zai ce maka ɗan tsayawa ya yi a Jazira ya huta, da an gama tsinkar auduga zai wuce. An gama tsinkar audugar sau talatin da huɗu, shi kuwa yana nan Hillar Kuka, kudu da garin Hajj Abdalla, da matarsa Mero da hawasharsa, wato gonarsa, da jaki da jikoki tara. Jakar tafiyar da ya baro Wurno da ita tana nan rataye a ƙusa. Ɓeraye sun yi zuriya bakwai a cikinta, wasunsu ma sun riga shi ganin Jidda.

Garin namu ma kusan haka yake. Sunansa Hillar Kuka, amma ko kuka ɗaya babu. Iyayenmu sun baro kukar can ƙasar Sakkwato, sunan kaɗai suka iya ɗaukowa. Itacen kirki ɗaya muke da shi, wata darbejiya a gaban masallaci, kuma duk wanda ya taɓa shan ranar Jazira ya san inuwar darbejiya ɗaya ta isa ta raba aminai.

A wannan inuwar Malam Gado yake rataye mujallarsa.

Sunanta Saƙon Yamma. Ya fara ta a 1952, domin mu Takari mazauna nan mu riƙa jin abin da ke faruwa a gida. Kowace Talata sai ya hau jakinsa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Hajj Abdalla, wani lokaci har Sinnar, ya tsaya yana duban fuskoki. Sabon zuwa daga yamma ba ya ɓuya. Za ka gan shi riƙe da kisra, wainar dawar mutanen nan mai kaurin takarda, yana ɗaga ta sama yana leƙen rana ta cikinta, yana tambaya ina sauran tuwon. Da Gado ya hango irin wannan, sai ya ja shi gindin mai shayi ya zaunar. Daga ina? Wa ya rasu? Wa ya yi aure? Ruwa ya sauka? Ba ya sakin mutum sai ya tatse shi tas. Akwai wani bawan Allah daga Isa da jirgi biyu suka wuce shi yana ba da labarin unguwarsu, da na ukun ya zo sai da aka ɗauke shi aka saka, don ko sunan kansa ba ya iya tunawa.

Labarin kam ba sabo ba ne. Wanda ya fi sauri ya yi wata takwas a hanya. Jaririn da muke murnar haihuwarsa a nan, can yana kiwon tumaki. An taɓa yi wa wata amarya ta Rabah fatan alheri, sati na gaba aka kawo labarin auren 'yarta. Amma ba wanda ya damu. Labarin gida ne.

Ba a takarda yake rubutawa ba, don gara ba ta barin takarda ta kwana biyu a garinmu. Alluna biyar gare shi manya, yana rubutu da ajami, da alƙalamin kara da tawadar baƙin tukunya da ƙaro. Allo na farko rasuwa. Na biyu aure da haihuwa. Na uku damina da amfanin gona. Na huɗu faɗace-faɗace da shari'a da shanun da suka ɓace. Na biyar kuma ra'ayin mai mujalla, inda Gado ke faɗin abin da ke damunsa a duniya. Ranar Juma'a bayan salla ya rataye su a darbejiya ya karanta wa maza, mutanen ƙauyuka uku na zuwa saurare. Alhamis da safe ya wanke, da yamma ya rubuta sabuwa.

To wankin ne ya jawo komai. Gado mutum ne mai ladabi, kowane allo da bisimilla yake buɗe shi, da addu'a yake rufewa. Satin farko ya wanke allunan a ƙwarya, ya nufi bayan danga zai watsar, sai liman ya tare shi.

“Ina za ka da sunan Allah, Malam?”

Gado ya tsaya da ƙwarya a hannu. Ba a zubarwa a ƙasa inda awaki ke takawa. Sai dai a sha. A ranar, Mero ce ta shanye ƙwarya biyar, ta kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Sati na biyu Iya Fatsuma ta shigo aron rariya. Tsohuwa ce mutuniyar Gwadabawa, wadda tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa yabon ko da ruwan sama ba. Don tausayin Mero ta karɓi moɗa ɗaya daga allon rasuwa. Tana haɗiyewa ta ce ta ji ƙamshin daddawar gidan uwarta. Shi ke nan. Kafin wata ya ƙare, kowace Alhamis da hantsi tsofaffin mata ashirin na layi a ƙofar Gado, kowa da moɗarta, kowa da shafinta. Iya Fatsuma da mutanenta na rasuwa. Sakina da 'yan son biki na aure. Hadizatu na damina, ta ce shi ya fi sanyi. Dije na faɗa, ta ce yana buɗe mata ciki. Shafin ra'ayi ne kaɗai ba a taɓa samun mai so ba, don haka Mero ke shanye shi ita kaɗai shekara ashirin da biyu. Ta ce shi ya sa ba ta iya jin magana ba ta yi gardama ba.

Sharaɗi ɗaya Iya Fatsuma ta kafa tun farko. Ba ta shan abin da ba ta sani ba. Dole Gado ya karanta musu kowane allo sau uku kafin ya sa masa ruwa.

Ɗan Iya Fatsuma kuwa shi ne Alhaji Maliki. Shekara ɗaya suka baro gida da Gado, amma shi ya isa Makka ya dawo, kuma ba ya barin kowa ya manta. Daga baya ya sayo rediyo mai girman ɗan akuya, ya ce wurin da ya dace da shi shi ne gindin darbejiya ranar Juma'a.

“Labarina na yau na,” in ji Maliki. “Naka ya yi furfura kafin ya iso.”

“Rediyonka ya san rijiyar bakin kasuwar Wurno ta rufta?” in ji Gado.

“Yaushe ta rufta?”

“Bara waccan.”

“To an sake gina ta, ta sake ruftawa, kai kana nan kana jajen ta farko.”

Suka kai ƙara wurin Shehe Ibrahim, mai garin. Shehe mutum ne da ba ya son gaggawa. Ya ce zai duba. Ya yi shekara shida yana dubawa, kowace Juma'a Gado na karanta rasuwa, rediyo na kiɗa a gefensa.

Ana nan sai ga Mahadi ya sauka daga lori. Ɗan wan Mero ne, ya girma a birni, ya tara gashin baki, shi ke tuƙa motar mutanen talabijin. Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi.

“Mabruk, Baba Gado. Mutanenmu za su zo ranar Alhamis, ba wannan ba, ta gaba. Za su ɗauki hotonka, Jazira duka ta gani.”

“Ni? Mi na yi?”

“Majalla mana. Na ce wa Ustaz Tijani, babbanmu, Takari suna da majalla da ta girmi talabijin kanta, ba ta taɓa fashin sati ba. Ya ce ajib. Abu ɗaya yake so, ka tsaya kusa da arshif, wato tsofaffin fitowa duka tun ta farko. Na ce masa tarin ya kai rufin ɗaki.”

Gado ya dubi Mero. Mero ta dubi cikinta.

“Ya kai rufin ɗaki kac ce?”

“Haka na ce. Ko ya wuce, Gwaggo?”

“Ya kusa,” in ji Mero.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma a ranar Shehe Ibrahim ya ga hanyar sauke kayan shekara shida. Ya tara mutane ya ce, in aka ga Gado da mujallarsa a cikin akwatin nan, inuwa tasa ce har ranar da zai wuce Makka. In ba a gani ba, rediyo ya gaje ta. Maliki, wanda ya san inda kowace fitowa ta shige, ya yi murmushi ya ce hukuncin ya yi masa daidai.

Kwana tara suka rage. Gado ya ce zai sake rubuta duka.

Alluna biyar ba su ɗaukar shekara ashirin da biyu, don haka ya shiga gida gida yana aron ƙofa. Ƙofofinmu na katako ne, masu faɗi, sun yi kama da allo in ka runtse ido. Ya cire talatin da ɗaya. Da suka cika ya koma kan akusa, da turame, da bayan keken shanun Shehe. Jakinsa da ya ga inda aka dosa, ya tsinke igiya ya koma hawasha da zama. Tawada kuma ta ci baƙin tukunyar gari duka. Aka kankare kowace tukunya har ta koma kamar ta amarya, wata ma aka huda ta.

Garin da babu ƙofa ba gari ba ne. Awaki suka riƙa yin taro a ɗakunan mutane. Garin dawar Sakina ya tafi rana ɗaya. Liman ya koma sauya riga a bayan tabarma, matarsa na riƙe da gefe ɗaya, surukarsa na riƙe da ɗayan. Kowa ya san abin da maƙwabcinsa ke dafawa, kuma aka gano gidaje huɗu da ke soya albasa kawai don a ce suna cin nama.

Gado kuwa ya kewaye tsakar gidansa da zana, yana rubutu har hannunsa ya kumbura. Matsalar ita ce bai tuna komai ba. Mutum ne da in ya wanke allo ya wanke kansa. Sai ya shiga cikewa da abin da ya zo masa. Wani Ɗan'auta maɗinki na Wurno, Allah ya jiƙansa, Gado ya kashe shi sau uku a shekaru daban-daban. Ya aurar da wata mata bayan ya binne ta a ƙofar da ta gabata. Ya saukar da ruwan sama a Gwadabawa cikin tsakiyar rani. Ya ce ai Ustaz ba ya karanta ajami, tari kawai yake so ya gani.

Alhamis ɗin da mutanen talabijin za su zo, da aka idar da asuba, Gado ya sa babbar riga ya ce zai tafi Hajj Abdalla ya tarye su. Mahadi ya san hanya sarai. Gado dai so yake ya yi aski, kuma so yake ya shigo gari a gaban mota Maliki na kallo.

“Mero, kada kowa ya taɓa komai.”

“Na ji, Malam.”

Da hantsi sai ga tsofaffi ashirin da moɗayensu, Iya Fatsuma a gaba da sanda.

“Iya, yau babu,” in ji Mero. “Malam ya ce kada a taɓa.”

“Yau wace rana?”

“Alhamis.”

“To.”

Ta ture zana da sanda. Suka ga ƙofofi jere, baƙi ƙirin da rubutu daga sama har ƙasa. Sakina ta gane tata, ta je ta dafa ta kamar ta ga ɗan da ya ɓata.

“Wanga duk mi na?” in ji Iya Fatsuma.

“Tsofaffin fitowa ne ya sake rubutawa, don baƙi.”

“A karanta muna mu ji.”

Babu Gado, kuma a cikinsu babu mai karatu. Sai aka ji gyaran murya a bakin zana. Alhaji Maliki ne, wai wucewa yake yi.

“Inna, in karatu na, ai ga ni.”

Ya tsaya gaban ƙofar farko ya fara. Bai kai layi na huɗu ba Iya Fatsuma ta buga sanda a ƙasa.

“Tsaya. Ɗan'auta maɗinki bai mutu shekarar fara ba. Shekarar da tur'ar ban-ruwa ta fashe yam mutu, sati biyu bayan ƙaramar salla. Ni na sha shi, na san ɗanɗanonsa.”

“Ga shi nan ya sake mutuwa a ƙofar liman,” in ji Maliki, yana nunawa.

Ya koma shafin aure. Sakina ta kama haɓa. “Wannan matar ai Iya ta shanye rasuwarta tun ina da haƙora.” Hadizatu ta ji an yi ambaliya a watan da ko raɓa babu, ta ce a rufa mata asiri. Dije ta ji an ba wa mai gaskiya rashin gaskiya a shari'ar wata saniya, ta tashi za ta yi faɗa da ƙofa.

“Ba za a nuna wa duniya ƙarya da sunan mujallarmu ba,” in ji Iya Fatsuma. “A kawo ruwa.”

“Iya, Malam zai kashe ni,” in ji Mero.

“Ya kashe Ɗan'auta sau uku bai ji komai ba. Ke ma za ki tashi.”

Alhaji Maliki, wanda tun da ya dawo Makka bai ɗaga ko buta da kansa ba, shi ya riƙa jido ruwa daga tur'a, garwa bibbiyu, yana gudu. Aka wanke ƙofa talatin da ɗaya, da akusa, da turame, da keken shanu, da alluna biyar na satin. Kowanne kuma da bisimilla a samansa. Ba a zubar da ɗigo ba.

Azahar ta kusa motar ta shigo. Gado na gaba, hannu a waje yana gaida mutane, kansa an aske shi ƙwal an shafa man riɗi yana walƙiya. Bayansa Ustaz Tijani, dogon mutum da farar taguwa da baƙin tabarau, da wani mai ɗauke da na'urar hoto a kafaɗa.

Gado ya ɗage zana da kansa, yana cewa tafaddal, tafaddal.

Ƙofofi na jingine a rana, fes, suna ɗiga. A gindinsu tsofaffi ashirin zaune, ƙafafu miƙe, leɓɓa baƙi, ba mai iya tashi. In ɗaya ta motsa sai ka ji ruwa na kaɗawa kamar tulu a bayan jaki.

Ustaz ya cire tabarau. “Wen al-arshif, ya Mahadi?”

Mahadi ya dubi Gado. Gado ya nemi wuri ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

“Ina suke, Baba Gado?”

“Sun shanye.”

Mahadi ya fassara. Ustaz ya ce ya sake fassarawa, ƙila bai ji daidai ba. Ya sake. Ustaz ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya juya ya ce wa mai hoto ya mayar da kaya, tunda sun riga sun zo za su ɗauki hoton tur'a da shanu. A daidai lokacin Maliki ya bayyana da rediyo a hammata, yana tambaya ko baƙi za su sha jabana, wato gahawa, kafin su kama hanya.

Ustaz dai mutum ne mai kirki. Ya ga tsoho zaune a ƙasa, ya ce wa Mahadi ya tambaye shi, ko da baki ne, me ke cikin fitowar da ta rufe shekarar farko.

Gado ya share zufa. “A fitowar nan, Ɗan'auta maɗinki na Wurno ya riga mu...”

“Ƙarya kake, Malam,” in ji Iya Fatsuma daga inda take. “Bar bawan Allah ya huta.”

Ta gyara zama, ruwa ya kaɗa, ta rufe ido. Ta fara da bisimilla, ta jero mutum bakwai da suka rasu a fitowar nan, kowa da garinsa da sana'arsa da ciwon da ya ɗauke shi, har da addu'ar rufewa. Tana yin shiru Sakina ta ɗauka da aure uku da tagwaye. Hadizatu ta kawo gero da wake. Dije ta kawo rigimar wani bijimi da ya shiga gonar surukin mai shi. Sai kowa ya juya ya dubi Mero.

Mero ta yi ajiyar zuciya, ta ƙanƙance murya irin ta mijinta. “Ra'ayin mai mujalla. Kisra ba abinci ba ce, tuwo ne da ya sha wahala a hanya.”

Ustaz ya ce wa mai hoto ya dakata da mayar da kaya.

Bai yarda nan take ba. Ya ce ƙila shiryawa suke yi. Ya ɗauki biyu daga masu shan shafin aure, aka cicciɓi ɗaya zuwa gabas da gari, ɗaya zuwa yamma, ya ce su faɗi abin da ya fito sati na uku bayan babbar salla shekarar da aka canza liman. Ya aika Mahadi gabas, shi ya je yamma da Shehe. Da aka haɗu, magana ɗaya ce, har sunan mai kiɗan bikin. Ya gwada shekara biyar daban-daban, kowane shafi da masu shansa. Sau ɗaya aka sami saɓani, a kan ko akuyar da ta ɓace a Rabah ja ce ko baƙa, aka tambayi Gado, ya ce shi bai ma san an yi akuyar ba.

“Ya hajja,” in ji Ustaz, Mahadi na fassara, “yaya kuka riƙe duk wannan?”

Wani zai ce ai wanda aka karanta wa abu sau uku kowane sati dole ya riƙe. Iya Fatsuma ba ta yarda da wannan ba.

“Abin da ya shiga kunne yana fita, ɗana. Wanda ya shiga ciki ina za shi?”

Aka jera su sahu huɗu gaban ƙofofi, Mero ita kaɗai a sahu na biyar. Aka sa Gado ya rubuta allo ɗaya sabo, ya karanta sau uku, ya wanke a ƙwarya. Ustaz ya ce sai ya ɗanɗana. Aka ba shi, allon kuwa na rasuwa ne. Ya sha, sai hawaye, yana jimamin wani maƙeri na Talata Mafara da ko sunansa bai iya faɗi ba. Mahadi ya rantse har suka isa birni mutumin na tambaya wa zai riƙe marayun.

Bayan sati biyu aka ce za a nuna. Akwatin talabijin ɗaya ne a kusa da mu, a nadi na Hajj Abdalla, inda maza ke taruwa. Gari duka ya tafi, wasu a lori, wasu a jaki, aka idar da magariba aka zauna. Gado a sahun gaba.

Minti bakwai aka yi. Aka nuna tur'a. Aka nuna ƙofofi. Aka nuna Iya Fatsuma, fuskarta ta cika akwatin har Sakina ta ja baya. Aka nuna Sakina, da Hadizatu, da Dije tana nuna yadda bijimin ya shiga gona. Aka nuna Mero tana zagin kisra a gaban Jazira duka, Larabawan da ke nadi suna dariya har da riƙe ciki. Aka nuna jakin Gado, wanda ya dawo daga hawasha don ganin mota, aka daɗe a kansa. Sai aka nuna allo ana wankewa, da hannu ɗaya riƙe da shi, babban yatsan baƙi. Sai aka shiga labarin tsutsar auduga.

“Ina ni?” in ji Gado.

Mahadi ya sunkuyar da kai. Ya ce duk inda Baba Gado ya fito, kansa ya mayar da rana cikin na'urar, hoton ya zama fari fat. Dole aka yanke. Man riɗin wanzami ne.

Ranar Juma'a bayan salla aka taru gindin darbejiya. Maliki ya zo da rediyo da sabuwar tabarma.

“Shehe, maganarka ta, in an ga Gado da mujallarsa. Ni ban ga Gado ba. Na ga jaki.”

Gado ya ɗaga babban yatsansa. “Wanga na wa?”

“Hannu ba mutum ba ne. Mujallar ma allo ɗaya anka nuna, shi ma ana wanke shi.”

Shehe Ibrahim ya fara shafa gemu irin shafar da ke kai shekara shida. Sai aka ji sanda. Iya Fatsuma ce, da sahunta a baya.

“An ga mujalla. Ni ce shafin farko, ga sauran nan.” Ta juya ga ɗanta. “Maliki, miƙo rediyon.”

“Za ki yi mi da shi, Inna?”

“Wanke mini labarin yau in sha.”

“Inna, ba a sa wa rediyo ruwa.”

“Labarin jiya fa, yana ina?”

“Ya wuce.”

“Shekara shida yana surutu, ko moɗa ɗaya bai tara ba. Ɗauke shi ka kai zaure.”

Ba a gardama da uwa a gaban masallaci. Maliki ya naɗe tabarmarsa. Shehe, da ya ga an yi masa rabin aikin, ya yi sauri ya ƙarasa kafin ƙarfin zuciyarsa ya huce. Ya ce hukunci shi ne, duk abin da aka gani a akwatin shi ke da inuwa. Tsofaffi ashirin, da alluna, da jaki, da hannun Gado na dama.

Haka ake yi har yau. In ka zo Hillar Kuka ranar Juma'a za ka tarar da matan zaune gefe ɗaya na darbejiya, jaki a ɗaya gefen yana lumshe ido, maza a kewaye. Malam Gado na bakin inuwa, jikinsa a rana, hannunsa a ciki riƙe da allo, yana karantawa. In ya yi kuskure ana gyara masa daga sahun farko. Ya daina aski, ya koma rawani.

Bai yi fushi ba. Ya ce rediyo dai ya bar wurin, kuma shi ai matafiyi ne, inuwar hannu ta ishe shi kafin a gama tsinkar auduga. Amma satin nan ya cika allo na biyar gaba da baya a kan illar man riɗi da rashin amanar wanzamai. Mero ta shanye. Ta ce tun da aka fara mujallar ba ta taɓa shan mai ɗaci kamarsa ba.